Jan Ruwa da Ranar da Inna Ta Zauna a Tasha

Zalika ce ta sa na ɗauki biro a kan wannan magana, bayan na sha gaya wa kaina ba zan taɓa ta ba. Kun san babbar yayarku idan ranta ya ɓaci, tun daga zaure ake jin ta. Wata safiya ta shigo da wayar salula a hannu, ko gaisuwa ba ta gama ba ta miƙo mini ita har kusa da hanci. Hoton wani dogon kofi ne cike da jan abu, an soka masa ganye a sama.

"Baba, dubi abin da Turawa suka yi mana. Jan ruwanmu ne fa! Tumatir, lemun tsami, barkono, gishiri, ba abin da suka rage. Har giya suke zuba masa, wai kuma sun ware masa rana guda a shekara kamar yadda muke yi. Wa ya kai musu?"

Na ce ta ba ni in duba da kyau, don dai in sami lokacin gyara fuskata. Mahaifiyarku tana gefe tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago kai ba, amma na ga hannunta ya tsaya a cikin faifan. Da Zalika ta fita sai ta ce da ni:

"Baban Zalika, sama da shekara arba'in ina riƙe maka bakina. Ka gaya musu da kanka tun kana da numfashi, kada su ji a bakin wani."

To ga shi. Babu wanda ya kai wa Turawa jan ruwa. Ni na ɗauko shi daga wurinsu.

Kun taso kuna jin cewa na yi aikin kicin a wani otel a Kwatano. Da gaskiya a ciki, don da wanke kwanoni na fara. Lokacin babanmu ya rasu, gidanmu na Gaya, a bakin iyakar Benin, ya koma hannun Inna, kakarku. Yayana Namata yana da garka a Tanda, bakin gulbi, inda yake noman tumatir da albasa, amma garka ɗaya ba ta isa ta riƙe mu duka ba. Sai na bar amaryata Bibata, wato mahaifiyarku, wurin Inna da Zalika a goye, na haye gada na yi kudu. Shekara biyu ina wanke-wanke a otel ɗin, har wani tsoho ɗan Togo mai suna Papa Kosi ya sa mini ido. Shi ne shugaban bar, ɗakin da ake sayar wa baƙi giya. Gajere ne, ido ɗaya ya yi fari, rigarsa kullum tas kamar yanzu aka goge ta. Ya kira ni ya ce:

"Sahabi, na lura ba ka fasa kofi, kuma ba ka sha. Irinka nake nema, don wanda ba ya sha ba zai rage mini kwalba ba."

Albashin da ya ambata ya ninka nawa har da ƙari. Ina so in ce muku na kwana uku ina shawara, amma kafin la'asar ta ranar na ce masa to.

Papa Kosi bai taɓa cutar da ni ba, wannan ku riƙe. Kirista ne, amma duk Juma'a shi yake duba agogo ya kore ni masallaci. Ya koya mini haɗe-haɗe iri-iri, cikinsu har da wani jan abu da ake yi da ruwan tumatir, wanda ya bambanta da sauran don ba shi da zaƙi ko kaɗan, kamar miya ce mai sanyi. Ya ce wani mai bar ne a Paris ya fara haɗa shi tun zamanin kakanninmu, amma in ka faɗi haka a gaban Ba'amurke sai ya buga tebur ya ce a garinsu aka yi. Sunan wata mace suka sa masa, wai Maryama mai jini, kuma ko su ba su daidaita a kan wace Maryama ba ce. Da safe suke shan sa, wai yana warware musu abin da suka sha jiya. Shi ya sa babbar ranarsa ita ce safiyar bonane, ranar farko ta shekararsu, lokacin da kowa yake saukowa daga ɗaki yana dafe da kai. A babban jug nake haɗa shi, da tumatir da lemu da gishiri da barkono da masoro, da ɗigon wani baƙin ruwa na ƙaramar kwalba da ake kawowa daga Ingila. Sai in ɗanɗana da cokali in ji ya yi, daga nan in raba a kofuna in zuba giyar. Harshena bai taɓa ta ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan magana. Amma hannun nan da nake rubutu da shi ya zuba ta shekara biyar.

A gida kuwa an san Sahabi yana dafa wa Turawa abinci. Ina aiko da kuɗi ta hannun direbobi. Na gina wa Inna ɗaki na rufa masa tol, wato kwanon rufi, irin wanda ba kowa ke da shi ba a unguwarmu lokacin. Bayan nan na fara tara mata na kujerar Makka, ita da kanta take ajiyewa a ƙasan kwallarta.

Safiyar bonane ta shekarata ta biyar a bar, baƙi sun cika lambun otel, ina ta zubawa ba ko ɗaga kai. Ashe Yaya Namata ya biyo kamiyo, babbar motar kaya, da tumatir ɗinsa na farkon shekara, abin da bai taɓa yi ba, ya sayar a babbar kasuwa, ya roƙi direban ya raka shi wurin ƙanensa. Mai gadi bai san komai ba, ya nuna musu hanya. Ina riƙe da kwalbar a kife a bakin kofi na ji an yi sallama. Yana tsaye da rigarsa ta zuwa Juma'a, a hannunsa ɗan kwando na tumatir da ya zaɓo mini, da ƙullin ƙuli-ƙuli daga Inna. Ya dubi kwalbar, ya dubi jerin ƴan uwanta a bayana. Bai iya karatun boko ba, amma hanci ya ishe shi. Na zagayo muka gaisa kamar a bakin hanya, ya tambayi aiki na ce da godiya, na tambayi gida ya ce suna lafiya. Ya ajiye kwandon a ƙasa, ba a kan teburin ba. Da na raka shi ƙofa sai ya tsaya.

"Ba zan faɗa mata ba. Amma daga yau kada ka sake aiko da kuɗi da sunana, hannuna ba zai kai mata su ba."

"Yaya, ni fa ba na sha."

"Na yarda. Sai ka gaya mata haka da bakinka."

Wata uku na yi ina juya maganar. A cikin watannin nan ne maigidan otel ya kira ni ya ce Papa Kosi zai ajiye aiki, ni za a ba wurinsa, har da ɗaki a cikin otel in kawo iyalina. Na fita daga ofishinsa ina murna, na zauna in rubuta wa Bibata takarda, sai na ga babu yadda zan rubuta ta. In ta zo za ta gani. Zalika za ta tashi tana wasa a ƙofar bar. Na yaga takardar. Da na gaya wa Papa Kosi zan tafi bai yi mamaki ba, ya ce tun ranar da mutumin nan ya ajiye kwando a ƙasa ya san ya rasa ni. Ya ba ni cokalin da nake ɗanɗanawa da shi, ya ce duk ranar da yunwa ta kore ni daga gida in dawo, zai yi mini magana.

Da bazara na iso Gaya, gari kamar tanda, ruwan farko bai sauka ba. Na haye gada a ƙafa daga Malanbil da akwati ɗaya. An yi murna, an yanka zabi. Na bari sai washegari bayan la'asar, Inna tana zaune a ɗakinta na tol tana jan carbi, na durƙusa a ƙofa na faɗa mata komai. Ta bari na gama sannan ta ajiye carbin.

"Ka sha?"

"Wallahi ban taɓa kai ta bakina ba, Inna."

"Ka ba wasu?"

"Na ba su."

"Kullum?"

"Kullum."

Ta ɗaga kai ta dubi rufin.

"Wannan ma da su ne?"

"Da su ne."

Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Da ta yi ɗaya cikin biyun da na fi samun sauƙi. Ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki butarta da kwallarta, ta ratsa tsakar gida ta shiga tsohuwar bukkar da ake ajiye dusa. Can ta fito da ƙullin kuɗin Makka ta ajiye a gabana.

"Ni ba malama ba ce, ban san hukuncinsu ba. Amma ƙafata ba za ta taka ƙasar Annabi da su ba."

Na kai maganar wurin limamin unguwarmu. Ya ce kada in ci, kada kuma in bayar ina jiran lada, in sa su a abin da kowa zai yi amfani da shi. Da su aka haƙa bayin nan da ke bayan tasha aka kuma ja lambatu. Can kujerar kakarku ta tafi.

Daga ranar Inna ta raba tukunya. Geron Yaya take dakawa, cefanenta kuma daga daddawar da take yi tana sayarwa. In Bibata ta kai mata kwano sai ta sa mata albarka ta ce ta ƙoshi. Ni ne autanta, tun ina yaro Auta take kira na, amma yanzu ba ta kira na da kowane suna. In tana da magana da ni sai ta ce wa Bibata, ki gaya masa. Damina ta faɗi, bukkar tana yoyo, ɗakin tol yana nan a rufe ga shi ga ta. Ta kama tari. Yaya ya roƙe ta, ƙannenta suka zo daga Bengu suka roƙe ta, ta ƙi. Sai da na je da kaina na saro ganyen giginya na ɗauko a kafaɗa, ta ga kafaɗar ta yi jini, sannan ta fito ta zauna a inuwa ta bari na hau na toshe mata rufin. Ko sannu ba ta ce ba, amma ta bari. Na rayu da wannan har ƙarshen damina.

Na koma garkar Yaya a Tanda ina aiki. Hannun da ya saba da goge kofi ya kama guga da fartanya, ya yi ruwa ya fashe ya sake yi. Yaya bai taɓa tayar mini da maganar Kwatano ba ko sau ɗaya. Da sanyi ya shigo tumatir ya yi kyau a duk bakin gulbi, kyan da ya zama matsala, don kowa ya samu lokaci ɗaya kuma masu saye na kudu suka ja baya. Kwanduna suna jere a bakin hanya suna laushi. Mata suna yankawa suna shanya kauɗa har aka rasa tabarmar shanya. Wata rana da azahar ƙishirwa ta kama mu, furarmu ta ƙare. Na ɗebi tumatir da suka nuna sosai na matse a ƙwarya, na tace da tsumma mai tsabta, na tsinko lemun tsami a bishiyar bakin shinge, na murtsuke barkono, na sa gishirin da muka zo da shi don rogo. Hannuna ne kawai ya yi, kaina bai shirya ba. Na miƙa wa Yaya. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar.

"Wannan shi ne na wancan wurin?"

"Shi ne, amma babu abin nan."

Ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya goge baki da bayan hannu.

"Ashe abin ba shi da laifi, su suka ɓata shi. Da za ka kai wannan tasha da tumatir ɗina bai ruɓe ba."

Da na gwada a gida sai na ji wani abu ya rage, wato baƙin ruwan nan na Ingila. Na yi ta kwatanta wa mahaifiyarku, na ce yana da tsami, yana da gishiri, yana da ƙanshin abin da ya daɗe a rufe. Ta fashe da dariya, karo na farko a watanni.

"Tun ɗazu tsamiya da daddawa kake kwatanta mini, kana wani cewa Ingila."

Ta jiƙa tsamiya, ta daka daddawa ƴar kaɗan da citta, ta tafasa ta tace. Na ɗiga a ƙwarya na ɗanɗana. Ya fi na otel. Saboda haka duk wanda ya ce ni na ƙirƙiro jan ruwa ku ce masa rabinsa na Turawa ne, rabin da ya fi daɗi kuma na Bibata ne. Daddawar ma wurin Inna ta saya, ba ta gaya mata na mene ne ba.

Na kafa tebur a ƙarƙashin dogon yaron da ke ƙofar tasha, da tulu naɗe da jiƙaƙƙen buhu da kofuna shida. Kwana uku na farko direbobin Benin da na Togo da ƴan Kamba suka yi ta sha, mutumin da ya kwana a hanya yana cin burodi busasshe ya sami abin da ya buɗe masa ciki. Kafin azahar tulun ya ƙare. A rana ta huɗu direban da ya raka Yaya otel ya gan ni. Ba na jin da mugunta ya yi, a teburin mai shayi ya ba da labarin yana dariya. Kafin la'asar babu wanda bai ji ba cewa jan abin da Sahabi yake sayarwa shi ne wanda yake haɗa wa Turawa a gidan giya. Sarkin tasha na lokacin, Alhaji Bawa, mutum mai faɗa a ji, ya zo ya tsaya nesa da teburina. Bai kore ni ba. Ya dai ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Wanda ya san darajar sallarsa ya yi nesa da tulun nan."

Kwana tara ina ɗaukar tulu cike in dawo da shi cike. Har baƙin direbobi suka daina zuwa, don ba wanda yake son a nuna shi da baki. Mutanen da muka yi makarantar allo tare suna wucewa ta ɗaya gefen titi. Dangin Bibata suka aiko daga bakin gulbi wai ta zo ta huta kwana biyu, mun kuwa san abin da ake nufi. Ta ce a gaya musu ba ta gaji ba. A rana ta tara na dawo da yamma na juye tulun a gindin bishiyar tsakar gida, na zauna a kan turmi na ce mata:

"Na bar aikin, na zubar da kuɗin, Inna ba ta cin nawa, gari ba ya shan nawa. Gara in koma Kwatano, can aƙalla an san abin da nake."

Ta dubi wajen bukkar Inna. Zanan da ke ƙofar yana ɗan motsi.

Washegari ranar kasuwa ce. Bayan sallar asuba, gari ya fara haske, Bibata ta zo ta ce Inna ta ce in haɗa abin nan a gabanta. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar bukkar na jera komai. Ta zauna a kan kujerarta ƴar tsugune tana kallo tun daga wankin tumatir. Duk abin da zan zuba sai ta miƙo hannu ta karɓa ta shinshina. Da aka zo kan baƙin ruwan Bibata ta daɗe da shi a hanci, ta juya ta dubi surukarta.

"Daddawata ce wannan."

"Taki ce, Inna."

Ba ta ɗanɗana ba. Ta tashi ta shige. Na ɗauki tuluna na tafi, na riga na ƙudura wannan ce ranar ƙarshe.

Da hantsi tasha ta cika, mutanen Tanda da Bengu da Karakara suna ta sauka da kaya. Ina zaune ina korar ƙuda sai na ga mutane suna darewa. Inna ce, da sandarta da farin mayafinta, Bibata na biye da ita ɗauke da kujerar nan ƴar tsugune. Ku sani, tun rasuwar babanmu ƙafar Inna ba ta wuce bakin unguwa ba sai in gaisuwar mutuwa ce, kuma tsakanin gidanmu da tasha tafiya ce ga mai tari. Ta nuna inda za a ajiye kujerar, daidai gaban teburin, ta zauna tana fuskantar titi, ta huta har numfashinta ya dawo. Sannan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba:

"Auta, zubo mini."

Na zuba na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi bisimilla da ƙarfi, ta sha rabi. Ta kwance bakin zanenta ta ajiye kuɗin kofi a kan teburin kamar kowane mai saye. Har masu dako suka ajiye kaya suna kallo. Alhaji Bawa ya taho da sauri, ya cire takalmi ya rusuna, don ta girme shi kuma a zauren babanmu ya yi karatu.

"Gwaggo, lafiya? Me ya fito da ke cikin wannan hayaniya?"

"Ƙishirwa, Bawa."

"Ai da kin aiko an kawo miki ruwa."

"Wannan nake so. Yaron nan ya yi abin da ya yi a can, shi ya zo ya faɗa mini da bakinsa, ba a teburin shayi na ji ba. Wata tara ban ci ƙwayar hatsinsa ba. Kana ganin ni ce zan zo gaban jama'a in sha giya da furfurata? A idona aka haɗa shi yau. Zauna ka sha, ni na saya maka."

Ya dubi hagu ya dubi dama, babu hanyar fita. Na zuba masa. Ya sha kamar mai shan magani, sai kuma na ga ya tsaya yana taɓa harshe.

"Da yaji," in ji shi.

"Yajin ya yi," in ji Inna. "Gishirin ne na kanti, ba shi da rai. Auta, ka aika Bengu wurin kawunnanka su kawo maka gishirin Foga."

Aka yi dariya, daga nan kuma aka fara matsowa. Inna ba ta tashi ba. Ta yi azahar a nan bayan teburin a kan mayafinta, ta koma kujerarta. Duk wanda ta sani ya zo wucewa sai ta kira shi da sunansa da na uwarsa ta ce ya zo ya gaishe ta, wanda ya durƙusa kuwa ba ya tashi sai da kofi a hannu. Sau biyu Bibata tana komawa gida haɗo wani tulun.

Wannan ce ranar da kuke yi wa biki. Da shekara ta zagayo Yaya ya turo kwanduna daga Tanda ya ce a ba kowa kyauta, haka kuma aka ci gaba. Ba mu taɓa sa mata kwanan wata ba, ranar kasuwa ce ta farko bayan tumatir ɗin bakin gulbi ya cika gari. Ku kun ɗauka ranar buɗe rumfar jan ruwa ce, waɗanda suka san gaskiya kuma suka ji kunyarku suka yi shiru har yawancinsu suka mutu. Kada ku ɗauka komai ya gyaru a yini ɗaya. Akwai waɗanda har suka koma ga Allah ba su sha daga hannuna ba, ban kuma riƙe su ba. Inna ba ta koma ɗakinta ba sai bayan shekara biyu, da na kwance tsohon tol na sa sabo da kuɗin jan ruwa. Tarin da ta ɗauka a bukkar nan bai sake ta ba. Na sake fara tara mata na Makka daga farko, ba su kai ba ta rasu. Wannan yana nan a ƙirjina, babu bikin da ya cire shi. Amma da tulun nan aka yi muku lekol, karatun boko, da shi aka aurar da ku, yau ga Zalika tana rufe shi a kwalabe ana kai wa har Doso. In wani ya tambaye ku daga ina ya fito, ku gaya masa duka, har da bar ɗin.

Ranar, da la'asar ta yi sanyi, na wanke kofuna na kife tulun. Inna ta ce ƙafarta ba za ta iya sauri ba, mu yi gaba. Na ce Bibata ta tsaya da ita, ni na bi ta bakin gulbi na sayi kifi ɗanye da shinkafa da abin da na samu a yinin. Ban gaya wa kowa dalili ba, mahaifiyarku ma ba ta tambaya ba, ta karɓa ta ɗora tukunya. Da aka idar da magariba ta zuba a kwano ta rufe da faifai, ta miƙo mini maimakon ta kai da kanta. Na ratsa tsakar gida na yi sallama a ƙofar bukkar, na durƙusa na ajiye. Inna ta buɗe faifan ta dubi abincin, ta dube ni.

"Na yau ne?"

"Na yau ne, Inna."

Ta jawo buta ta wanke hannu. Ta gutsuri kifin ta cire ƙaya a hankali, ta kai baki. Na yunƙura zan tashi in ba ta wuri, sai ta tura kwanon tsakaninmu.

"Ina za ka? Wanke hannunka. Ni kaɗai ba zan iya cinye wannan ba."